Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Ake Awon Tsoffin Sojojin Amurka Masu Ciwon Firgici

A wannan fili muke kawo maka a rubuce abin da aka tattauna a shirye-shiryen gidan rediyonka. In kana cikin waɗanda suka kama mu a shirin lafiya na makon jiya, ka ji wata baiwar Allah da ta bugo waya daga ƙetaren iyaka, muryarta na rawa. Ta ce ƙanenta ya tafi Amurka ta hanyar cacar biza, ya shiga aikin soja a can, aka kai shi Afganistan, ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa cif, ko ƙwarzane babu. Amma tun daga nan barci ya ƙaurace masa. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Ya daina zuwa suna da ɗaurin aure na ƴan uwa mazauna can, kuma aiki uku ya kama ya saki cikin shekara biyu. Matarsa ce ta matsa har ya nemi diyya, yanzu kuma an aiko masa takarda ya je awo wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi ko ya ce ba inda za shi, shi ba mahaukaci ba ne. Tambayarta ita ce: wane irin awo ne wannan, kuma me za a yi masa a can?

Lokaci bai bar mu mun amsa mata yadda ya kamata ba, na kuwa yi mata alkawarin zan kawo bayanin a rubuce. To Yaya, ga cikon alkawari. Kai ma mai karatu ka biyo ni, domin ko ba ka da kowa a Amurka, za ka ga inda zancen ya taɓo ka kafin mu kai ƙarshe.

Bari in fara ba ka kan maganar a dunƙule. Wannan awo abu guda yake nema ya gano: nawa ne abin da ya faru a bakin daga ya cinye daga rayuwar mutum ta yau, wato barcinsa, aikinsa, da zamansa da iyali. Tun da raunin ba ya fitowa a hoton asibiti, ba a kuma ganinsa a gwajin jini, bakin mai shi ne babbar shaida. Sojan da ya shiga ɗakin ya ce "lafiya lau" don kunya ko jarumta, shi ya yi wa kansa asara.

Wane ciwo ne ake magana a kai?

Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PTSD. A Hausance mu ce ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i. Ba sabon abu ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ga sojoji suna karkarwa, wasu sun kasa magana, aka ɗauka girgizar bama-bamai ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan haka a 1915. Amma sai a 1980, bayan sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam sun daɗe suna fafutika, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon a cikin kundinta na cututtuka da wannan suna. Wani babban bincike da aka kammala a 1988 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙi a Biyetnam suna fama da shi a lokacin binciken, shekaru fiye da 10 bayan an ajiye makamai.

Kundin da ake aiki da shi yanzu bugu na biyar ne, wanda ya fito a 2013. Ya ce kafin a kira abu da wannan suna, dole ne mutum ya gamu da mutuwa ido da ido, ko barazanarta, ko mummunan rauni, ko cin zarafi ta hanyar lalata. Ko dai a kansa abin ya faru, ko a gabansa, ko ya sami labarin ya faru da makusancinsa, ko kuma aikinsa ne yake sa shi yawan ganin irin wannan, kamar masu kwashe gawarwaki. Daga nan sai a duba alamomi 20 da aka kasa gida huɗu.

Gida na farko shi ne dawowar abin ba tare da an gayyato shi ba: mugun mafarki, tunanin da ke faɗo wa mutum yana tsaka da cin abinci, ko ya ji kamar yanzu-yanzu abin ke faruwa. Na biyu gudu ne: mutum ya riƙa kauce wa duk wani wuri, mutum, ƙamshi ko zance da zai tuna masa. Na uku sauyin tunani da zuciya: ya ɗora wa kansa laifin mutuwar abokinsa, ya ga duniya duk ba amana, ya daina jin daɗin abin da a da yake so, ya ji ko ƴaƴansa sun yi masa nisa. Na huɗu zaman ɗar-ɗar: zabura, saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, zama kullum fuska na kallon ƙofa. Ana buƙatar aƙalla alama ɗaya daga gida na farko, ɗaya daga na biyu, biyu daga na uku, biyu daga na huɗu. Sannan su wuce wata guda, su kuma zama suna takura wa mutum ko suna hana shi tafiyar da harkokinsa, ba kuma maye ko wata cuta ce ta kawo su ba.

Ka lura da abu ɗaya: a wasu mutanen alamomin ba sa cika sai bayan wata shida ko fiye. Shi ya sa za ka ga soja ya dawo garau, an yi murna, an yanka rago, sai can daga baya abu ya taso. Jinkirin ba ya nufin ƙarya yake yi.

Abubuwa uku da hukuma ke nema

A Amurka akwai ma'aikata sukutum ta tsoffin sojoji, ƴan mazan jiya in ji Bahaushe, wadda ake kira VA a taƙaice. Tun 1989 take da matsayin cikakkiyar ma'aikata mai ministanta. Ita ke biyan diyyar naƙasa ga duk wanda aikin soja ya jawo masa ciwo ko ya ƙara tsananta masa, in dai ba korar wulaƙanci aka yi masa daga aiki ba. Ba sai mutum yana da takardar zama ɗan ƙasa ba, kuma ko ya koma wata ƙasa da zama yana da ikon nema.

A kan wannan ciwo, doka ta ce sai abu uku sun haɗu. Na ɗaya, likita ya tabbatar mutum yana da ciwon yanzu. Na biyu, a sami shaidar da za a yarda da ita cewa bala'in da yake faɗa ya auku lokacin yana cikin kaki. Na uku, likita ya ƙulla tsakanin biyun, ya ce wancan bala'i ne ya haifar da waɗannan alamomi. Kamar murhu ne, in dutse ɗaya ya goce tukunya ba ta zama.

Dutse na biyu shi ya fi ba mutane wahala a da. Wanda takardunsa suka nuna ya yi gaba da gaba da abokan gaba, misali yana da lambar da ake ba wanda aka raunata a fagen fama, maganarsa kaɗai takan wadatar. Amma direban motar kaya fa, ko makaniki, ko mai dafa abinci, wanda rokoki suka riƙa faɗowa a sansaninsu? Irin waɗannan sai a ce su kawo rana da wuri, a shiga tonon takardun runduna, abin ya ɗauki watanni ko shekaru. A watan Yulin 2010 aka sassauta ƙa'idar. Yanzu in abin da ya firgita mutum tsoron harin abokan gaba ne ko na ƴan ta'adda, labarinsa ya dace da wuri da irin aikin da ya yi, likitan ma'aikatar kuma ya tabbatar abin ya isa ya jawo ciwon, to za a iya karɓar maganarsa ba tare da wata takarda ba, sai fa in akwai hujja ƙarara da ta ƙaryata shi.

Akwai kuma waɗanda a cikin bariki aka ci zarafinsu, mata da maza, waɗanda da yawansu ba su taɓa kai ƙara ba don tsoro ko kunya. Su ma doka ta buɗe musu ƙofa. Ana karɓar alamu na kaikaice: neman canjin wurin aiki kwatsam, lalacewar ƙwazo bayan an san mutum da himma, zuwa gwajin ciki ko na cututtukan sanyi, ko shaidar ɗan uwa, aboki ko malamin addini da aka taɓa gaya wa.

Ranar awo

Bayan an shigar da takardar nema, ma'aikatar takan sa wa mutum ranar awo. Kyauta ne, har kuɗin mota ana iya mayar wa mutum. Wani lokaci a asibitin ma'aikatar ake yi, wani lokaci a wurin likitocin kamfanonin da ta ba kwangila, wani lokaci kuma ta bidiyo mutum yana gidansa. Awon farko na wannan ciwo likitan ƙwaƙwalwa ne ke yin sa, ko masanin halayyar ɗan Adam mai digirin digirgir, ko wanda ke ƙarƙashin kulawarsu kai tsaye.

Yaya, ga abin da za ki fara gaya wa ƙanenki, don na san nan tsoronsa yake. Ba allura, ba ɗaurewa, ba kwantarwa don kawai ya je awo. Zama ne a kujera, ana tambaya yana amsawa, awa guda ko fiye. Likitan nan ba magani zai ba shi ba, kuma ba shi zai yanke hukuncin diyya ba. Aikinsa ya karanta fayil ɗinsa, dosiye in ji mutanenmu na wannan gefe, ya saurare shi, ya cika fom ya aika wa ofishin da ke yanke hukunci.

Tambayoyin sukan fara tun daga baya: yaya ƙuruciya, makaranta, aure, ko akwai wata matsalar ƙwaƙwalwa kafin shiga soja. Wannan ba bin diddigi ba ne don a kama shi da laifi. Ana so a ga mutumin da ya shiga soja a kwatanta shi da wanda ya fito. Sannan a zo kan bala'in kansa, wanda shi ne wuri mafi ɗaci. Daga nan a bi alamomin nan ɗaya bayan ɗaya: sau nawa a mako, tsananinsu, tun yaushe. Za a tambayi aiki, zaman gida, abokai, shaye-shaye, rigima da hukuma, da ko tunanin kashe kai ya taɓa zuwa masa. Likitan yana kuma lura da abin da ba a faɗa ba: shiga, tsabta, yadda magana ke fita, ko hankali na biye da zancen.

Akwai ma'aunai biyu da aka fi sani, dukansu cibiyar binciken wannan ciwo ta ma'aikatar ce ta tsara su. Ɗaya takarda ce mai tambaya 20 da mutum ke cikawa da kansa, kowace tambaya da maki daga 0 zuwa 4, jimla 80. Wanda ya kai wajen 31 zuwa 33 ana zaton yana da ciwon, amma wannan tankaɗe ne kawai, ba hukunci ba. Ɗayan kuma hira ce tsararriya mai tambaya 30 da likita ke yi baki da baki, takan ci minti 45 zuwa awa guda, ita ce masana suka fi amincewa da ita. Wasu likitocin sukan ƙara da gwaje-gwajen da ke nuna ko mutum yana ƙara gishiri, ko kuma yana rage wa abin nauyi.

A ƙarshe likitan zai ba da ra'ayinsa a kan ko ciwon daga aikin soja ya samo asali. A nan akwai wata ƙa'ida mai daɗin ji. Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari. In hujjojin sun yi kunnen doki, rabi na cewa e rabi na cewa a'a, to doka ta ce tsohon soja ne ya ci.

Tsadar "lafiya lau"

Mai karatu, mu yi wa juna gaskiya. Bahaushe ko yana kan gadon asibiti, ka ce masa "ya jiki?" zai ce "da sauƙi." Tarbiyyarmu ke nan, kuma tana da kyau a wurinta. Soja kuma an ƙara masa da horon bariki, inda nuna rauni abin kunya ne. Haɗa waɗannan biyu a jikin mutum ɗaya, ka zaunar da shi gaban baƙon likita, me kake zaton zai fito daga bakinsa? Zai yi wanka, ya sa kaya masu kyau, ya danne komai na awa guda, ya ce yana haƙuri. Likita kuwa abin da ya ji ya gani shi zai rubuta.

Ka kwatanta amsoshi biyu. An tambayi mutum barci, ya ce: "To, ana dai taɓawa." Wani kuma ya ce: "Awa uku nake samu. Sau huɗu a mako ina farkawa cikin gumi, in tashi in duba ƙofofi da tagogi. Matata ta koma ɗakin yara tun ranar da na kai mata hannu cikin barci ban sani ba." Wataƙila ciwonsu ɗaya ne, amma na biyun ne ya ba likita abin rubutawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka masu taimaka wa tsoffin sojoji suke ba da shawarar mutum ya bayyana yadda mako da wata suke wuce masa, har da ranakun da suka fi muni, kar ya tsaya ga yadda ya tashi a safiyar awon kaɗai. Yana da kyau ya riƙa rubuta abin da ke faruwa da shi makonni kafin ranar, ya tafi da takardar, don mantuwa na cikin ciwon. Mata, iyaye, abokan aiki da waɗanda aka yi yaƙi tare duk suna iya rubuta shaida a sa a fayil, akwai fom na musamman don haka. Sau da yawa matar gida ta fi mai ciwon sanin abin da ke faruwa da dare.

Ɗaya gefen kuma shi ne kar a ƙara ko ƙwayar zarra. Likitocin nan sun ga mutane da yawa, kuma fayil na gabansu. In magana ta saɓa wa takardu, duk sauran zancen ya shiga shakka, ga shi kuma yi wa hukuma ƙarya don kuɗi laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Gaskiya tsirararta ta isa.

Kada kuma a ƙi zuwa. Wanda ya tsallake ranar awo ba da wani uzuri mai ƙarfi ba, in nemansa na farko ne za a yanke hukunci da abin da ke cikin fayil kawai, wanda sau da yawa bai isa ba. In ƙarin maki yake nema, za a yi watsi da buƙatar. Wanda ranar ba ta yi masa ba, ya kira tun da wuri a sauya.

Maki da kuɗi

In an amince ciwon daga aiki ne, sai a ba shi maki. Matakai shida ne: kashi 0, 10, 30, 50, 70 da 100 cikin 100. Abin da ke raba su shi ne yadda ciwon ya taɓa aiki da zama da mutane.

Kashi 0 na nufin an yarda akwai ciwon amma bai hana komai ba. Babu kuɗi, sai dai an kafa hujja, in ya tsananta gaba ana iya neman ƙari. Kashi 10 na mai alamomi marasa ƙarfi ne, waɗanda ke tasowa lokacin matsi, ko waɗanda magani ya danne. Kashi 30 na wanda ke tafiyar da rayuwarsa amma jefi-jefi aiki na gagararsa, ga rashin barci, zargi, damuwa da ƴar mantuwa. A kashi 50 an fara kasa dogara da mutum a wurin aiki: firgici mai tsanani fiye da sau ɗaya a mako, mantuwa mai yawa, wahalar riƙe hulɗa. Kashi 70 na wanda abin ya ci yawancin sassan rayuwarsa ne: tunanin kashe kai, fushin da ke kaiwa ga duka ba dalili, barin wanka da tsabta, kasa zama da kowa. Kashi 100 kuwa rushewa ce gaba ɗaya, har mutum ya riƙa ganin abin da babu, ya zama haɗari ga kansa ko wasu, ko ya manta sunayen makusantansa. Wata kotu ta bayyana a 2002 cewa waɗannan alamomi misalai ne kawai, ba sai mutum ya cika su duka ba.

A lissafin 2024, tsohon soja shi kaɗai ba iyali yana karɓar kimanin dala 171 a wata a kan kashi 10, dala 524 a kan kashi 30, dala 1,075 a kan kashi 50, dala 1,716 a kan kashi 70, da dala 3,737 a kan kashi 100. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ba a cire haraji a ciki, kuma daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu don mata da ƴaƴa. Ka ga tazarar da ke tsakanin 30 da 70 ta kusa dala 1,200 kowane wata. Abin da awa guda a gaban likita ke iya yankewa ke nan. Wanda kuma makinsa bai kai 100 ba amma ciwon ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa, akwai hanyar da za a biya shi kamar mai kashi 100.

Kafin wani ya ce "kai, ashe arziki ne," ka tuna a can kuɗin hayar gida kaɗai na iya lashe mafi yawan wannan. Ka kuma tambayi duk matar da mijinta ke kwana zaune yana gadin ƙofa, ko za ta zaɓi kuɗin ko barcinsa.

In hukunci bai yi daɗi ba

Tsarin nan ba shi da tsarki. Ma'aunin makin tun 1996 ake amfani da shi, kuma guda ne ga kusan dukkan cututtukan ƙwaƙwalwa, abin da wani kwamitin masana ya soka a rahotonsa na 2007. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka shi ma ya nuna gazawa a 2018 wajen sa ido a kan awon da kamfanonin kwangila ke yi. Tsoffin sojoji da dama suna kukan an sallame su cikin gaggawa, ko likitan bai karanta fayil ba.

Saboda haka mutum na da ikon neman kwafin rahoton awonsa ya karanta. Tun watan Fabrairun 2019 hanyoyin ƙorafi uku ne: a nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ko a kawo sabuwar hujja kamar ra'ayin wani likita, ko a ɗaukaka ƙara zuwa hukumar alƙalan ma'aikatar. Shekara guda ake da ita daga ranar hukunci in ana so kar a yi asarar kuɗin baya. Bayan nan ma akwai kotu ta musamman. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su American Legion da DAV suna da wakilai da hukuma ta amince da su, masu taimakawa kyauta. Duk wanda ya ce a ba shi wani kaso kafin ya shigar da neman farko, a yi hattara da shi, domin doka ba ta yarda a caji kuɗi a wannan mataki ba.

Diyya kuma daban, magani daban. Ciwon nan yana jin magani. Akwai jinyar zama da ƙwararre ana warware tunanin sannu a hankali, wadda takan ɗauki zama 12 ko kusa da haka, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa. Ba sai an jira hukuncin diyya kafin a fara ba. Wanda tunanin kashe kai ya zo masa a Amurka, ya buga 988 ya danna 1, dare ko rana.

Mu fa, ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan tsundum. A ranar 4 ga Oktoban 2017, a Tongo Tongo, kwanton ɓauna ɗaya ya ci sojojin Amurka 4 tare da takwarorinsu na Nijar. Waɗanda suka tsira daga ɓangarorin biyu wuta ɗaya suka gani, gawarwaki ɗaya suka ɗauka. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar launin fasfo. Ka tuna Inates a Disamban 2019, inda aka rasa sojoji 71, da Shinagodar a Janairun 2020, inda aka rasa 89. Muna ƙirga waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu, amma waɗanda suka fito da rai suna nan cikinmu, a Difa, a Maiduguri, a Marwa, a bakin Tafkin Cadi. Kafin su ma akwai kakanninmu da aka kwasa zuwa Bama da Turai a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba kuma masu kaki kaɗai ba: matan da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi, da wanda ya yi watanni a hannun masu garkuwa, duk ƙofar ciwon a buɗe take gare su.

Mu a nan in mutum ya fara zabura da surutai cikin barci, sai a ce iska ce, ko an yi masa asiri, ko ya fara shaye-shaye. Addu'a ba ta da na biyu, ba kuma wanda ya ce a bari. Amma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri. Darasin da za mu ɗauka daga tsarin Amurka, duk da ramukansa, shi ne an yarda raunin da ba ya jini shi ma rauni ne, an ba shi suna, an sa masa ma'auni, an ce haƙƙi ne a biya. Kafin a kai ga haka a ko'ina, sai an fara da iyalan da za su lura, su rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi, su kai mutum gaban likita ba tare da sun kira shi mahaukaci ba.

To Yaya, ki kira ƙanenki. Kar ki fara da zancen kuɗi. Ki ce masa zuwa awo ba ya rage masa komai a mazantakarsa, wanda ya tsaya a gaban wuta ba zama a kujera ne zai gagare shi ba. Ki sa matarsa ta rubuta abin da take gani, ke ma ki rubuta yadda kika san shi kafin ya tafi da yadda muryarsa ta koma yanzu. Ya nemi wakilin ƙungiyar tsoffin sojoji na garinsu. In likita ya ce masa "ya jiki?", a wannan rana ɗaya ya ajiye "da sauƙi" a bakin ƙofa, ya faɗi abin da ke akwai.

Allah Ya ba shi lafiya, da duk masu fama irin nasa, na nesa da na kusa. Mai karatu, in kana da tambaya ko ƙarin bayani, layukanmu a buɗe suke a lokacin shirin, kuma ba sai ka faɗi sunanka ba.